Abin da ke Cikin Saifar Ɓeran Bakolori

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an gina ta ne domin manomi ya shuka shinkafa da alkama da rani kamar yadda yake shuka gero da damina. An tsara ta shayar da kadada kusan 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma tarihin abin da ginin ya jawo, har da jinin manoman da aka zubar a watan Afrilun 1980, ba ɓoyayye ba ne. Sai dai akwai wani mai cin moriyar aikin da ba a sa sunansa a takardar kwangila ba. Duk inda ruwa ya zauna shekara zagaye, hatsi ya nuna sau biyu, ciyawar bakin magudanai ta ƙi bushewa, to an yi wa ɓera shimfiɗa. Mutanen yankin kusu suke ce masa, kuma sun san shi sani na maƙwabtaka: a gindin rumbu, a cikin tarin shinkafar da ba a sussuke ba, a bayan randa.

Kalmar kusu ɗaya ce, dabbobin da take rufewa suna da yawa. Cikinsu akwai dangin da masana suke kira Mastomys, ɓera mai yawan nono, wanda macensa kan kai nono ashirin da huɗu, ta kuma haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Ya bazu a kusan duk Afirka kudu da Sahara, yana kwana a gona yana kwana a ɗaki. Ɗaya daga cikin dangin, Mastomys natalensis, shi ne babban ma'ajin ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. Yana ɗauke da ita, yana zubar da ita a fitsari da kashi, yana kuma cin abincinsa lafiya lau, alhali ita ce take kwantar da ƙato a asibiti.

Tambayar da ta cancanci kulawar masana a Arewa ita ce yadda jikin wannan ɗan tsurut yake zama da abin da ke kashe mutum. Wani ɓangare babba na amsar yana cikin saifarsa da kaluluwarsa, kuma karanta waɗannan gaɓoɓi aiki ne da jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano za su iya yi da kayan da ba su fi ƙarfinsu ba. Ya kamata a yi shi, a kuma yi shi da ɓerayen da aka kama a irin gonakin Bakura, ba da waɗanda aka haifa a keji a Turai kaɗai ba.

Garkuwar jiki ba a warwatse take kamar ƙura ba, tana da garuruwa da unguwanni. Ɓargo ne mahaifar dukkan fararen ƙwayoyin jini. Taimus, wata 'yar tsoka da ke ƙirji a saman zuciya, makaranta ce inda ake horar da wani rukuni nasu, a kashe waɗanda suka nuna alamar za su juya wa jikin da ya haife su. Kaluluwa, wadda kowa ya san kumburinta a matsematsi ko hammata idan miki ya ruɓe, shingen bincike ce a kan hanyar ruwan da ke tsatsowa daga tsokoki. Saifa kuwa jini take tacewa. A bangon hanji ma akwai wasu tarin ƙwayoyi masu gadi, waɗanda Johann Conrad Peyer ya bayyana tun 1677. A kowane ɗaya daga waɗannan wurare, kowane rukuni yana da unguwarsa. A saifa, ƙwayoyin da ake kira T suna kewaye ƙananan jijiyoyin jini kamar hannun riga, na B kuma suna taruwa a dunƙule gefe guda, sannan masu haɗiye baƙo, wato makrofaj, suna cika sauran filin mai launin ja. Idan cuta ta shigo, tsarin unguwannin yakan sauya: wata ta kumbura, wata ta zama kango. Wanda ya iya karanta wannan taswira yana iya faɗin yadda yaƙin yake tafiya.

Matsalar ita ce ido ba ya rarrabe mazauna unguwannin. Rinin da kowane ɗakin gwaji ya saba da shi, hematoksilin da iyosin, yana ba da shuɗi mai duhu da ruwan hoda, kuma a ƙarƙashin madubin likita ƙwayar T da ƙwayar B duk abu ɗaya ne: ɗan ƙwallo mai duhu. Shekaru da dama masana ba su ma san iri biyu ba ne. Sai a 1956 Bruce Glick ya lura a Ohayo cewa kajin da aka cire wa wata 'yar jaka kusa da dubura suna ƙanana ba sa iya ƙera antibodi, wato makamin da jiki ke ƙerawa daidai da siffar maƙiyi. A 1961 Jacques Miller ya nuna a Landan abin da ke samun jaririn ɓera idan aka cire masa taimus. A 1965 Max Cooper ya haɗa zaren biyu, ya tabbatar cewa runduna biyu ce. Abin lura, kaza da ɓera ne suka koya wa likitancin ɗan Adam wannan babi.

Hanyar ganin su kuma dabara ce mai kyau: a mayar da makamin garkuwa ya zama rini. Kowane rukuni yana sanye da wasu sunadarai na furotin a jikinsa, kamar tsagar gado a fuska. Bayan Georges Köhler da César Milstein sun gano a Kambirij a 1975 yadda za a ƙera antibodi iri ɗaya tak mai yawa, sai aka sami damar yin antibodi ga kowace tsaga, kuma wani taro da aka yi a Faris a 1982 ya fara ba tsagogin lambobi masu farawa da CD. CD3 alamar T ce. CD20 da CD79a na B ne. Ana jiƙa gaɓar a fomalin, a dasa ta cikin kaki, a yanka ta siriri ƙwarai, kamar kashi huɗu cikin dubu na milimita, a shimfiɗa a gilashi. Fomalin yakan rufe tsagogin, amma tun 1991 aka gano cewa dafa gilashin a ruwa yana sake buɗe su, har ma wasu ɗakunan gwaji da tukunyar tururi irin ta girki suke yin wannan. Sai a zuba antibodi na farko ya kama abin da ya zo nema, a bi shi da na biyu mai ɗauke da sinadarin da ke barin launin ƙasa-ƙasa a duk inda aka kama. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda zanen da aka ɗaure ke fitowa da ado daga cikin baba ya riga ya fahimci rabin aikin.

A nan ne dabbobin dawa suke shiga tsaka mai wuya. Kamfanonin da ke ƙera antibodi suna bin kasuwa ne, kasuwar kuma mutum ce da farin ɓeran ɗakin gwaji. Babu wanda ya buɗe layin sayarwa domin Mastomys ko gafiya ko gyazbi ko jaɓa. Mai binciken waɗannan dole ya ari na wani ya gwada, kuma kama da wane ba ta wane ba ce. Ɓangaren furotin da ke wajen ƙwayar halitta yana saurin sauyawa daga wannan dabba zuwa waccan, don haka antibodin da ya san CD4 na ɓeran keji yana iya wucewa ta gaban CD4 na ɓeran gona bai gane shi ba. Ɓangaren da ke ciki kuwa ya fi riƙe kamanninsa na asali. Masu bincike a Oksfod, ƙarƙashin David Mason, sun yi amfani da wannan, suka nuna a 1993 cewa antibodin da aka auna da wutsiyar ciki ta CD3 da CD79 yana aiki a dabbobi masu yawa. Shi ya sa har yau waɗannan, tare da Iba1 na makrofaj da Ki-67 mai nuna ƙwayoyin da ke rabuwa, su ne jarin farko na duk likitan dabbobin da ya fuskanci dabbar da ba a saba da ita ba.

Ko an sami launi, ba a gama ba, domin rinin yana iya yin ƙarya. Saifa cike take da jajayen ƙwayoyin jini da sauran tarkacen ƙarfe da makrofaj suka haɗiye, kuma launin wannan tarkace ƙasa-ƙasa ne, kusan irin wanda ake nema. Akwai tarko na biyu da ya shafi Mastomys musamman. A jerin dangantaka ya fi kusa da ɓeran ɗakin gwaji fiye da yadda babban ɓeran kwata yake, kuma yawancin antibodi na farko a jikin ɓeran ɗakin gwaji ake ƙera su. Na biyun, wanda aka horar ya kama duk abin da ya fito daga ɓera, yana iya kama antibodin da ke jikin dabbar tun asali, sai gilashin ya cika da launi mara ma'ana. Maganin shi ne a zaɓi waɗanda aka ƙera a jikin zomo, a kuma riƙa ajiye gilashin shaida a kowane zagaye: ɗaya daga dabbar da aka san rinin yana aiki a kanta, ɗaya kuma da ba a zuba masa antibodi na farko ba. Mafi ƙarfin shaida ita ce unguwa. Idan abin da ake kira T ya fito a unguwar B, to ba sabon ilimi aka gano ba, rinin ne ya ɓace.

Me duk wannan wahala za ta saya? An gano zazzaɓin Lassa a 1969, a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, bayan ya kashe ma'aikatan jinya na mishan masu aiki a can da Jos. A 1970 ya kashe Dakta Jeanette Troup a Jos bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. An kama ƙwayar a jikin Mastomys a Saliyo a 1972. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda aka kwantar a asibiti kusan kashi 15 kan rasu, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira suna fita da kurumta. A farkon 2020 cutar ta kashe likitoci a Kano bayan aikin tiyata da aka yi wa wata mai juna biyu. Har yau babu allurar rigakafin da aka amince da ita, kodayake an fara gwajin wata a matakin na biyu a Abuja a 2024.

Abin da aka sani game da cutar a jikin mutum yana nuna kai tsaye zuwa ga ƙwayoyin da ake magana a kansu. Ƙwayar Lassa tana fara shiga makrofaj da ƙwayoyi masu rassa, waɗanda aikinsu shi ne kai rahoto ga rundunar T, ta kuma hana su yin ƙararrawa. Waɗanda suka warke galibi su ne waɗanda rundunarsu ta T ta tashi da wuri. Antibodi mai kashe ƙwayar yakan zo a makare. A ɓera kuwa gwaje-gwaje sun nuna cewa shekaru ne ke yanke hukunci: wanda ya kamu yana jariri yakan riƙe ƙwayar tsawon lokaci yana zubarwa, babba kuwa yakan kawar da ita cikin makonni. An san irin wannan a wata 'yar uwar Lassa mai suna LCMV a ɓeran gida tun shekarun 1930, kuma da ita Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka gano a Kanbera yadda ƙwayar T ke gane wadda ta kamu, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1996. An yi wa ɓeran Turai da cutarsa wannan hidima har ta zama ginshiƙin ilimin garkuwa. Ɓeran Afirka ta Yamma da tasa cutar kuwa, sai kwanan nan aka fara. A 2021 masu bincike a ɗakin gwaje-gwaje na Rocky Mountain da ke Montana a Amurka, waɗanda suke kiwon Mastomys da aka samo asalinsu daga Mali, sun gwada antibodin kasuwa na ɓeraye a kansu. Wasu sun kama, wasu ba su kama ba, kuma sun nuna cewa martanin ƙwayoyin garkuwarsa ya bambanta da na ɓeran ɗakin gwaji.

Wannan sani yana da alaƙa da abin da za a gaya wa manomi. Shawarar da aka saba ita ce a rufe abinci, a daina shanya a bakin titi, a kashe ɓera. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shawara ce mai kyau, amma kisan yana da iyaka. A ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini an gwada zuba guba a gidaje shekara bayan shekara. Adadin ɓera yakan faɗi, cikin 'yan watanni kuma ya dawo. Waɗanda suka cike gurbin matasa ne da ba su taɓa haɗuwa da cutar ba. Idan manyan da aka kashe su ne masu garkuwa, yana yiwuwa a kashe kuɗi a sayi haɗarin da ya fi na da. Saboda haka wasu masana suke nazarin yi wa ɓerayen kansu rigakafi. Ko a yarda da wannan tunani ko a ƙi, ba a iya auna shi sai an san yadda garkuwar dabbar take a gona.

Akwai hujjoji a kan wannan kira, kuma ba na wasa ba ne. Zamfara ba ta cikin jihohin da Lassa ta fi addaba. Alƙaluman hukumar NCDC Ondo da Edo da Bauchi da Taraba suke nunawa a gaba. Jihar tana fama da abin da ya fi ɓera gaggawa: 'yan bindiga sun hana noma a wurare da dama na Maradun da Bakura, asibitoci suna neman ma'aikata, kwalara da sanƙarau suna dawowa. Wanda zai ce a bar saifar kusu sai an ga bayan waɗannan bai faɗi abin banza ba. Kuma babu mai hankalin da zai tura ɗalibi ya kafa tarko a dajin da ake sace mutane.

Amma ƙarancin rahoto yana iya zama ƙarancin cuta, yana iya kuma zama ƙarancin gwaji, a wurin da kusan kowane zazzaɓi maleriya ko taifot ake kiransa. Idan kuwa da gaske ɓerayen Bakolori ba sa ɗauke da ƙwayar, sun zama ma'auni mai daraja, domin ba a gane saifar da ta kamu sai an san kamannin wadda ba ta kamu ba. Game da tsaro, ɓeran da ake nema ba a dawa yake ba. Yana cikin rumbunan gari da shagunan hatsi na Talata Mafara. Zamfara kuma ta riga ta biya kuɗin darasin kula da dabbobi. A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, sai daga baya aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje, bayan ta kashe yara kusan 400.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kayan aiki. Hanyar zamani ta ƙidayar ƙwayoyin garkuwa na'ura ce mai hasken lesa, wadda ke buƙatar ƙwayoyi masu rai, sanyi mara yankewa, lantarki tsayayye da injiniya a kusa. Ga dabbar da ake zargin tana ɗauke da Lassa, taɓa ƙwayoyinta masu rai yana buƙatar ɗakin tsaro na matakin ƙoli. Rini a kan gilashi bai da wannan nauyi. Fomalin, idan an ba shi isasshen lokaci, yana kashe ƙwayar cutar, gaɓar da aka dasa a kaki kuma tana zama shekaru a cikin kabad ba firji. Haɗarin yana wajen kamawa da fiɗa, kuma a nan babu rangwame: safar hannu, abin rufe fuska, horo da izinin hukuma. Bayan wannan, kwalba za ta iya hawa motar haya daga Bakura zuwa Sakkwato.

Ba daga sifiri za a fara ba. Tsangayoyin likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ta Ibadan sun daɗe suna wallafa bincike kan jikin gafiya da gyazbi. Da yawa daga ayyukan sun tsaya ne a auna nauyi da tsawon gaɓoɓi da rinin shuɗi da hoda, abin da ya dace da kuɗin da ɗalibin digiri na biyu ke iya fitarwa daga aljihunsa. Tushe ne mai amfani, amma tsarin da ke ƙidaya yawan takardu wajen ƙarin girma yana saka wa mai maimaita awo fiye da mai kashe shekara yana tabbatar da antibodi biyar. Asusun TETFund, mai tallafa wa bincike a manyan makarantu, zai iya gyara wannan da abu ƙarami: tallafi ɗaya na haɗin gwiwa wanda abin da ake jira daga gare shi shi ne jerin antibodin da suka yi aiki da waɗanda suka ƙi, a buga duka biyun. Gafiya ma ta cancanci shiga, ba don naman da ake ci kaɗai ba. Tana cikin dabbobin Gana da aka kai Amurka a 2003, jigilar da ta haddasa ɓarkewar ƙyandar biri a can. Danginta kuma daban ne da na Mastomys, gyazbi ya fi kusa da beguwa, saboda haka kowanne sai an yi masa nasa gwajin.

Ɓeran gona zai ba mai bincike mamaki ta wata fuskar. A 2016 masana a Minesota sun nuna cewa garkuwar ɓeran keji mai tsabta ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, ta wanda ya yi cuɗanya da duniya kuma ta fi kama da ta baligi. Kusun da ya girma a magudanar Bakolori, da tsutsar ciki da ƙuma da kaska, saifarsa za ta kasance a kumbure da aiki ko babu Lassa. Dole a rubuta jinsinsa da nauyinsa da lokacin da aka kama shi, rani ko damina, da abin da aka tarar a hanjinsa, in ba haka ba a ɗora wa ƙwayar cuta laifin tsutsa.

Dole kuma a san wane ɓera ne a hannu. Nau'o'in Mastomys ba sa rarrabuwa da ido. Sai an ƙirga kuromosom ko an karanta DNA. Natalensis yana da 32, erythroleucus 38, coucha 36. An shafe shekaru wasu ɗakunan gwaji a ƙasashen waje suna kiwon coucha suna rubuta natalensis a takardunsu. A 2016 Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da abokan aikinsa na Hambog suka ba da rahoton samun ƙwayar Lassa a erythroleucus ma, nau'in da ya saba da busasshiyar ƙasar savana. Saboda haka kowace saifa da za ta shiga fomalin tana buƙatar ɗan guntun kunne ko wutsiya a wata kwalbar ta giyar gwaji, da lamba ɗaya a kan duka biyun. Wannan sashe na aikin, wato tarko da awo da lakabi da littafin rajista, bai fi ƙarfin malamai da ɗaliban kwalejin aikin gona da ke Bakura ba idan an horar da su, kuma su ne suka san manoman da za su buɗe musu rumbu.